Mu Ne Cika Fili, Wasu Ne Daliget: Har Yaushe?

Ya ku iyayenmu, 'yan'uwanmu magidanta, da matasan wannan al'umma tamu, muna so mu yi magana a kan wani abu da kowa ya gani da idonsa amma aka taru aka yi masa shiru, wato abin da ya same mu a babban taron jam'iyya na jiha da ya gabata. Ba za mu kama sunan jam'iyya ba, ba kuma za mu kama sunan kowa ba, domin wannan hali duk jam'iyyun sun yi tarayya a cikinsa, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Tun da asuba aka jera mana motocin bas a bakin Sabo. Aka raba riguna da huluna masu hoton 'yan takara, matanmu suka sha anko, 'yan acaba suka ajiye aiki, mahauta suka bar kwata a hannun yara, aka kwashe mu zuwa filin wasa. Muka cika ɓangare guda na filin, 'yan jarida suna ta ɗaukar hotonmu, mai sanarwa yana ta jinjina wa 'yan Arewa. Da lokacin tantance daliget ya yi, mutanen da muka tsayar a gundumarmu, waɗanda muka bi layi a bayansu rana tana dukanmu, suka je teburin tantancewa, aka duba takarda aka ce babu sunansu. A gurbinsu akwai sunayen wasu da ko hanyar unguwarmu ba su sani ba. Samarinmu suka fara ɗaga murya, 'yan sanda suka matso, dattawa suka ba da haƙuri, aka ba kowa kuɗin mota muka dawo gida. A can ciki kuwa aka zaɓi shugabannin jam'iyya na jiha na shekara 4 ba tare da ƙuri'armu ko ɗaya ba.

Washegari duk majalisar da ka zauna magana ɗaya ce: an zalunce mu don mu Hausawa ne. Babu shakka an zalunce mu. To amma mu gaya wa kanmu gaskiya, a ranar taro sanar da mu kawai aka yi. Kujerun nan tun makonni kafin nan muka rasa su, a nan cikin gundumarmu, kuma daga cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwace su akwai masu jin Hausa kamar yadda muke ji.

Domin a fahimci wannan magana, sai mu duba yadda ake gina taron jiha. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774 da gundumomi 8,809, kuma kowace jam'iyya daga gunduma take fara gininta. A taron gunduma ne 'yan jam'iyya masu kati suke zaɓen shugabanninsu na gunduma da kuma daliget, wato wakilan da za su je su yi zaɓe a madadinsu a matakin ƙaramar hukuma da na jiha. Uwar jam'iyya ta ƙasa ce take turo kwamitin da zai gudanar da taron, shi ke sayar da fom, shi ke riƙe da takardar sakamako, shi ke kai sunaye Abuja. Daliget ɗin nan ba su da yawa. A zaɓen fid da gwani na gwamnoni a 2022, jam'iyyar APC ta yi amfani da daliget 5 daga kowace gunduma, PDP kuma 3. Ke nan mutum uku ko biyar ne suke ɗauke da muryar dubban mutane, kuma duk wanda ya rubuta waɗannan sunaye shi ne ya riƙe jam'iyyar.

To, a ranar taron gundumarmu me muka yi? Mun fito ƙwanmu da ƙwarƙwatarmu, wannan gaskiya ne. Amma da yawa daga waɗanda suka bi layi ba su da katin jam'iyya, waɗanda suke da katin ma ba su taɓa zuwa sun duba ko sunansu yana cikin rajista ba, rajistar kuwa tana ɗakin shugaban gunduma. 'Yan takararmu na daliget wani ne ya ce su bari zai saya musu fom, babu wanda ya riƙe rasit. Da aka gama ƙirga, muka yi sowa muka watse, babu wanda ya tsaya ya ga an cika takardar sakamako, balle ya sa hannu ya karɓi kwafi. Da dare aka zauna a wani otal aka cika takardar. Da muka je filin taro muna cewa mu ne muka ci, aka ce ina shaida, sai muka koma kallon juna.

Masu cewa baƙo ba shi da hurumi a jam'iyyar garin mutane, muna so su nuna mana inda aka rubuta hakan. Kundin Tsarin Mulki na 1999 a hannun kowa yake. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a tauye wa mutum wani haƙƙi saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko inda asalinsa yake. Sashe na 222 ya ce ba a yarda ƙungiya ta zama jam'iyyar siyasa ba sai ƙofarta tana buɗe ga kowane ɗan ƙasa, ba tare da duba asali ko ƙabila ko addini ba. Sashe na 223 kuma ya wajabta wa jam'iyya ta riƙa zaɓen shugabanninta bisa tafarkin dimokuraɗiyya, kuma kada a wuce shekara 4 ba a sake zaɓe ba. Ko takarar majalisar jiha, abin da sashe na 106 ya nema shi ne mutum ya zama ɗan Nijeriya, ya kai shekarun da aka ƙayyade, ya yi karatu zuwa matakin sakandare, kuma jam'iyya ta tsayar da shi. Babu takardar shaidar asali a ciki. Mun sani kundin ya ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci a sashe na 147, kuma mun san wahalar da 'ya'yanmu suke sha a kan wannan takarda wajen neman makaranta da aikin gwamnati. Amma kujerar daliget ba naɗi ba ce, zaɓe ne, kuma duk jami'in jam'iyyar da ya tambaye ka takardar asali kafin ya sayar maka da fom, son zuciyarsa yake bi.

Kuma wai shin waye baƙon? An kafa Sabo ta Ibadan tun 1916. A Agege da Shagamu da Abakuta da Anaca da Fatakwal akwai gidajen Hausawa da aka haifi kaka a ciki, aka haifi uba, aka haifi jika. A nan muke biyan haraji, a nan muke biyan kuɗin rumfa a kasuwa da kuɗin kan saniya a kara, a nan maƙabartarmu take. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Ba da motar bas aka kai shi cika fili ba. Ya shiga jam'iyya ne, ya yi mata aiki tare da mutanen gari har suka yarda da shi suka zaɓe shi. Abin da ya yiwu a zamanin Turawa, abin kunya ne a ce jikoki sun kasa kujerar daliget a gundumar da suka fi kowa yawa.

A nan ne za mu zo kan maganar da ba a so. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai wasu daga cikinmu da suka mai da al'ummar nan haja. Da zarar an buga gangar siyasa sai su je wurin manyan jam'iyya su ce Hausawan jihar nan duk a aljihunsu suke, a ba su kuɗin mota da na abinci za su kawo mutane. Irin waɗannan ba sa son mu sami daliget zaɓaɓɓu, domin daliget zaɓaɓɓe yana da bakin kansa, kuma ranar da ya samu, dillali ya rasa la'ada. Su ne suke cewa a bar musu maganar fom, su ne suke cewa an riga an yi maslaha a sama, su ne kuma suke fara ba da haƙuri idan abin ya lalace. Ladan da ake ba su shi ne a kafa wani abu a kira shi reshen 'yan Arewa na jam'iyya, ko a naɗa ɗaya daga cikinsu mai ba da shawara kan harkokin baƙi, a ba shi ofis da mota. Muna tambaya: ƙuri'a nawa wannan reshe yake da ita a zauren taron jiha? Kujerar da aka ba ka kyauta, ranar da mai ita ya ga dama zai karɓe abinsa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Muna girmama sarakunanmu na Hausawa da dattawan unguwa, kuma mun san irin wutar da suke kashewa tsakaninmu da mutanen gari wadda yawancinmu ba mu ma sani ba. Saboda wannan girman ne muke roƙon su, ranku ya daɗe, kada ku bari a mai da fadarku wurin rubuta sunayen daliget. Sarki uban kowa ne, ɗan kowace jam'iyya nasa ne. Ranar da ya sa hannu a jerin sunayen ɓangare ɗaya, ranar ya sayi rigimar ɗaya ɓangaren, kuma idan gwamnati ta canja, al'umma gaba ɗaya ce za ta biya bashin.

Akwai 'yan'uwa masu kyakkyawar niyya da suke cewa mu dai nema ya kawo mu, mu yi kasuwancinmu mu bar wa masu gari siyasarsu, kada a ja mana fitina. Ba mu raina wannan tsoro ba. Mun san abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha a Ibadan a 2021. Mun kuma san cewa a Jos, a watan Mayu na 2002, taron gunduma na jam'iyyar PDP a unguwar Eto-Baba ya rikiɗe ya zama tarzoma har aka rasa rayuka. Amma mu duba da kyau. Idan za a tashi kasuwa, ko a hana acaba a wata hanya, ko a ƙara kuɗin kwata, kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha ne suke zama a kai, su kuwa jam'iyya ce ta tsayar da su, jam'iyyar kuma shugabannin da aka zaɓa a wancan taro ne suke juya ta. Wanda ba shi da kowa a ɗakin shawara, sai dai ya ji labari bayan an yanke. Shirun da muka yi shekara da shekaru bai hana a rushe rumfunanmu ba. Darasin da ke cikin abin da ya faru a Jos shi ne a bi haƙƙi da takarda da tsari, a nisanci taron hayaniya.

Wasu kuma suna cewa ai su can gida suke zaɓe. Kowa yana da 'yancinsa. Amma magidancin da ya shekara 30 a nan, 'ya'yansa a makarantar nan suke, matarsa a asibitin nan take awo, sannan katin zaɓensa yana ƙauyen da yake zuwa sau ɗaya a shekara, ya sani cewa ya rage wa unguwarsa nauyi a ma'aunin 'yan siyasa. Hukumar Zaɓe ta INEC tana da tsarin sauya wurin zaɓe zuwa inda mutum yake zaune, kuma ba a biyan ko kwabo.

Su kuma shugabannin jam'iyyu, idan ba su ji don adalci ba, to su ji don kansu. A watan Mayu na 2018 APC ta yi tarukan gundumomi a Jihar Ribas, wasu 'yan jam'iyya suka ce sun biya kuɗin fom an hana su shiga, suka je kotu. Babbar kotun jihar ta soke tarukan da duk abin da aka gina a kansu, magana ta kai Kotun Ƙoli, ƙarshenta APC ba ta da ɗan takarar gwamna a Ribas a zaɓen 2019. A Zamfara kuwa, ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke duk nasarar da APC ta samu, tun daga gwamna har 'yan majalisa, saboda ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, aka miƙa kusan duka kujerun ga PDP. Wannan shi ne sakamakon cika takarda a otal.

Sai dai kada mu ma mu ruɗi kanmu da kotu. A watan Oktoba na 2021 APC ta yi tarukan jihohi, aka wayi gari da shugabanni biyu a jihohi da dama. A Kano, ɓangaren Malam Ibrahim Shekarau ya yi nasara a wata babbar kotu a Abuja, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar wa ɓangaren Gwamna Ganduje a watan Mayu na 2022. Sau da yawa kotuna sukan ce shugabancin jam'iyya harkar cikin gida ce, kuma taron da kwamitin uwar jam'iyya ya gudanar shi ne taro. Idan tsohon gwamna kuma sanata, da manyan lauyoyinsa, bai ci riba da taron gefe ba, to mai sayar da goro a Sabo fa? Saboda haka duk wanda ya zo ya ce mu ware mu yi namu taron a wata makaranta mu fitar da namu sunayen, ɓata mana lokaci zai yi. Haka kuma a sani cewa sashe na 285 na kundin ya ba da kwana 14 kacal a shigar da ƙara kan rikicin da ya shafi gabanin zaɓe. Wanda ya tsaya zaman sulhu na wata guda, ihu bayan hari zai yi.

Don haka ga abin da muke nema daga duk kwamitin da za a turo shirya taron jiha, kowace jam'iyya ce. Na farko, a liƙa rajistar 'yan jam'iyya a ofishin gunduma kafin ranar taro, kowa ya ga sunansa. Wannan ba alfarma ba ce, domin tun a Dokar Zaɓe ta 2022 aka wajabta wa jam'iyyu ajiye rajista da miƙa ta ga INEC kafin taro, aka kuma wajabta sanar da hukumar kwana 21 kafin a zauna. Na biyu, a sayar da fom a wuri sananne, a ba da rasit, kada a damƙa fom ɗin gunduma gaba ɗaya a hannun mutum guda. Na uku, a bayyana wurin taro da lokacinsa, kada a sauya da dare, kada kuma a kai taron gundumarmu gidan wani ɗan takara. Na huɗu, a cika takardar sakamako a gaban jama'a, wakilan 'yan takara su sa hannu, a ba kowa kwafi. Na biyar, a fitar da jerin sunayen daliget kwanaki kafin taron jiha, domin ƙofar filin wasa ba wurin warware rikici ba ce. Na shida, kwamitin sauraron ƙorafi ya kasance daban da wanda ya gudanar da taron, ya zauna inda talaka zai iya zuwa, ya saurari ɓangarori biyu, ya ba da hukuncinsa a rubuce kafin ranar taro. Na bakwai, idan maslaha za a yi, a yi ta da yardar waɗanda suka sayi fom, a rubuce. Maslahar da mai haƙƙi ya ji labarinta a rediyo ƙwace ce.

Mu kuma namu aikin ya fi wannan yawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisar Tarayya ba ta gajiya da yi wa dokar zaɓe kwaskwarima, amma ko da daliget aka yi, ko 'yar tinƙe, ko maslaha, wanda babu sunansa a rajista babu shi. Kowane magidanci mai sha'awar wata jam'iyya ya je ya yanki kati da kansa, ya kai matarsa da 'ya'yansa da suka kai shekara 18, ya tabbatar an rubuta su. A riƙa halartar taron gunduma na wata-wata, ba sai ranar rabon shinkafa ba. Wanda zai tsaya daliget ya sayi fom da kuɗinsa, ko unguwa ta yi masa karo-karo a bainar jama'a, ya adana rasit. Mu tsayar da masu karatu, masu jin harshen gari, waɗanda ba za a miƙa musu takarda su dangwala ba su san abin da ke ciki ba. Ranar taro a ware mutum biyu ko uku masu natsuwa waɗanda aikinsu kawai su tsaya a teburi har a cika takarda, su ɗauki hotonta da waya. Idan an yi maguɗi, a rubuta ƙorafi a ranar, a kai wa kwamiti, a sa su buga hatimin karɓa a kan kwafinmu, a aika wa ofishin INEC na ƙaramar hukuma, a ga lauya tun kwanakin ba su ƙure ba. Samarinmu kuma su riƙe hannunsu. Dutse ɗaya da yaronmu zai jefa ya isa a manta da maguɗin a koma maganar Hausawa sun ta da rikici.

Abu na ƙarshe, kada mu tafi mu kaɗai. A kowace gunduma akwai 'yan gari talakawa da su ma ake share sunayensu kamar yadda ake share namu, akwai kuma Ibo da Tibi da Nupawa da sauran mazauna da suke cikin halin da muke ciki. Mu zauna da su tun kafin taro, a raba kujerun daliget bisa adalci, a shiga da jeri guda. Jerin da ke da sunan ɗan gari da na mazauni yana da wuyar yagawa, kuma babu mai iya kiransa jerin ƙabila.

Wannan ƙungiya ba ta kowace jam'iyya ba ce, kuma ba za ta gaya wa kowa inda zai shiga ba. Abin da muke cewa shi ne, duk inda ka shiga, ka shiga da katinka da sunanka a rajista. Idan aka sake jera motoci a bakin Sabo, kafin kowa ya sa ƙafa ya tambayi mai rabon riguna: su wane ne daliget ɗin gundumarmu, kuma ina kwafin takardar da ke ɗauke da sunayensu? Idan babu amsa, kowa ya koma rumfarsa, cinikin yini guda ya fi kuɗin motar da za a ba shi.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa. Wassalam.